Yadda Ake Shirya Ziyarar Kufan Maya Daga Kankun Tare da Ɗan Jagora

Tun da 'yan uwanmu mazauna Amurka da Kanada suka fara zuwa hutu Kankun, garin bakin teku a ƙasar Meksiko, ga kuma masu tasowa daga gida don taro ko yawon buɗe ido, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: idan mutum ya sauka a otal ɗinsa na bakin teku, yaya zai yi ya je ya ga tsoffin garuruwan mutanen Maya ba tare da an yi masa wayo ba, kuma ba tare da yininsa ya ƙare a cikin mota ba? Ga amsar daki-daki. Ban taɓo tarihi ba, wannan aikin ɗan jagorarka ne, shi ya sa ma za ka biya shi. Sunayen wurare kuwa na bar yawancinsu yadda za ka gan su a allon hanya da jikin tikiti.

Tun daga nan ka riƙe abu guda. Abin da kuɗinka ke saya shi ne awannin da za ka yi a cikin kufai, da mutumin da zai tsaya ya yi maka bayani. Sanyin mota da abincin rana da hular kyauta duk rakiya ce.

1. Takardu tukuna

Mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar Meksiko, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja, tana da wani a Akara. Amma wanda ke riƙe da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta ƙasashen Shengen na Turai wadda ba ta ƙare ba, Meksiko tana barinsa ya shiga yawon buɗe ido da ita. Ka tabbatar da wannan daga ofishin jakadanci da kamfanin jirginka kafin ka yanki tikiti.

Hattara da inda za ka yada zango. Amurka ba ta barin mutum ya sauya jirgi a filinta sai da biza, ko da awa biyu zai yi. Filayen jiragen Shengen ma suna neman bizar ratse daga masu fasfon Najeriya da Gana. Shi ya sa da yawa suke bi ta Istanbul, inda Turkish Airlines ke da jirgin da ke sauka Kankun.

Akwai kuma harajin baƙi na jihar Quintana Roo, inda Kankun take, mai suna Visitax, wanda aka fara karɓa a 2021. A intanet ake biya. Ka shiga shafin gwamnatin jihar kai tsaye, domin akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da shi da ke ninka kuɗin.

2. Zaɓi wurin da ya dace da kwanakinka

Kuskuren farko shi ne son ganin komai. Wurare huɗu ne kamfanoni suka fi kai mutane.

Chichen Itza shi ne mai suna. Yana jihar Yucatan, kusan kilomita 200 daga Kankun, tafiyar awa biyu da rabi ta babbar hanya mai lamba 180D wadda ake biyan kuɗin wucewa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, kuma a 2007 aka zaɓe shi cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai. Yini guda cur yake ci.

Tulum yana kudu, kimanin kilomita 130 ta hanya mai lamba 307. Ƙaramin gari ne mai ganuwa, a kan dutse, teku na ƙarƙashinsa. Gine-ginensa ba su kai na Chichen Itza girma ba ko kusa, amma nan ne aka fi samun hoto mai kyau, kuma awa biyu sun ishe ka zagaye shi.

Coba yana cikin daji, kusan kilomita 45 daga Tulum. Ginin dalarsa mai suna Nohoch Mul ya kai mita 42. Wurin yana da faɗi, don haka ana ba da hayar keke, ko ka hau keke mai ƙafa uku wani ya tuƙa ka. Ga inuwa, abin da sauran suka rasa.

Ek Balam yana arewa da garin Valladolid. Mutane ba su cika yawa ba, kuma zanen da aka sassaƙa a fuskar babban gininsa yana nan kamar ba a daɗe da yi ba.

Mai kwana uku ya ɗauki Chichen Itza kaɗai. Mai mako guda ya ƙara Tulum da Coba a rana ɗaya, tunda hanyarsu ɗaya. Wanda ke tare da tsoho ko ƙananan yara, ni dai Tulum da sassafe nake ba shi shawara, ko ya tsaya cikin Kankun ɗin ma, kamar yadda za ka gani a mataki na gaba.

3. Fara da abin da ke ƙofar otal ɗinka

Mutane da yawa suna kwana bakwai a Kankun ba su san akwai kufai a kan titin da suke bi kullum ba. Unguwar otal-otal, wato Zona Hotelera, doguwar hanya ce guda ɗaya mai suna Boulevard Kukulcan, kuma da lambar kilomita ake kwatance a kanta. A kilomita 16.5 akwai gidan tarihi na Museo Maya de Cancun da aka buɗe a 2012. Tikitinsa ya haɗa da shiga kufan San Miguelito da ke bayansa, cikin bishiyoyi. Gaba kaɗan, wajen kilomita 18, akwai El Rey, inda manyan ƙadangarun nan da ake kira iguwana suke kwance kan duwatsu suna shan hantsi, ko gezau ba sa yi in ka matso. A arewacin gari kuma, hanyar Punta Sam, akwai El Meco.

Bas-bas masu lamba R-1 da R-2 suna bin wannan titi dare da rana, kuɗinsu 'yan peso ne, wato kuɗin Meksiko. Ka ce wa direba «Museo Maya» zai sauke ka. Ka yi wannan ziyara kwana ɗaya kafin doguwar tafiya. A cikin sanyin gidan tarihin za ka ga tukwane da kayan ado da fuskokin gumakansu a natse, sunaye irin su Chaac da Kukulcan su zauna maka, gobe in ɗan jagora ya ambace su cikin rana ba za ka tsaya kana zare ido ba.

Gargaɗi: ranar Litinin gidan tarihin a rufe yake.

4. Wace irin tafiya za ka saya?

Nan ne ake yin riba, nan ne ake yin asara, don haka bari in daɗe a kai.

Babbar bas ita ce mafi araha. A 'yan shekarun nan ana tallarta daga kusan dalar Amurka 50 zuwa 80 kowane mutum. Ga yadda ranar take tafiya. Za a ɗauke ka wajen ƙarfe bakwai, a yi ta zagaya otal-otal ana kwasar mutane, wani lokaci a kai ku wata matattara a sauya muku mota. Sai a tsaya a wani babban shagon tsaraba da ake kira ƙauyen Maya, a ba ku kusan awa guda. Sai abinci, sai wanka a rijiyar kogo, wadda bayaninta ke mataki na 12. Kafin ku isa Chichen Itza rana ta take tsaka ko ta gota, kowa ya yi laushi, motoci sun cika fili, a ba ku abin da bai wuce awa biyu ba, rabinsa kuna bin mutum mai ɗaga tuta ku arba'in. Sai a ratsa Valladolid a ba ku minti ashirin ko talatin a dandalin gari. Ka koma otal da dare, ka yi awa goma sha biyu ko fiye a waje. Araha ba ta ado.

Ba don mugunta suke jera abubuwa haka ba. Tikitin ya yi araha ne saboda shagon yana ba kamfanin la'ada kan duk abin da kuka saya, kuma an san mai kuzari da cikakken aljihu ya fi saye.

Ƙaramar bas ta mutum goma zuwa goma sha biyar ita ce zaɓina ga yawancin mutane. Kuɗinta yakan kama daga dalar Amurka 100 zuwa 160. Ka nemi wadda aka rubuta tana isa wurin da zarar an buɗe ƙofa. Tana tashi da asuba, ta wuce kai tsaye, ku gama zagaye kafin manyan motoci su iso, sannan a yi wanka da abinci daga baya.

Shatar mota da direba da ɗan jagora naku na kanku ta fi tsada, daga dalar Amurka 350 zuwa sama, amma kuɗin na mota ne. Idan kun kai ku biyar ko shida kuka raba, sai ka ga bai fi na ƙaramar bas da yawa ba. Iyali mai mata da yara wannan ya fi musu: ku kuke cewa a tsaya a yi salla, ku kuke cewa ba ma son shago.

Akwai kuma kai kanka, sannan ka ɗauki ɗan jagora a ƙofa. Motocin kamfanin ADO suna tashi daga tasharsu ta tsakiyar gari, ba daga unguwar otal ba. Jirgin ƙasa na Tren Maya, wanda ya fara aiki a Disamban 2023, yana da tasha kusa da filin jirgin Kankun da wata ta Chichen Itza, sai dai duka biyun sai ka ƙara hawa mota kafin ka kai inda za ka, don haka ka lissafa da wannan. Mai hayar mota ya tuƙa da kansa ya cika tanki kafin ya hau 180D, domin gidajen mai ba su da yawa a kanta, ya kuma riƙe peso a hannu na kuɗin wucewa, ba kaɗan ba ne.

Gargaɗi: da ka fito daga wajen ɗaukar kaya a filin jirgi za ka ratsa wani zaure cike da mutane masu farar riga da katin wuya suna kiranka kamar ma'aikatan gwamnati. Yawancinsu dillalan sayar da kason ɗakin otal ne na wasu makonni a shekara. Za su ba ka ziyarar Chichen Itza kyauta ko rabin kuɗi, sharaɗin ka zauna jawabin minti casa'in. Jawabin nan yakan cinye rabin yini, a yi ta matsa maka ka sa hannu a takarda. Ka ce «no, gracias» ƙafarka na tafiya.

5. Tambayoyin da za ka yi kafin ka ba da kafin alƙalami

Ko a teburin otal ne, ko a rumfar bakin titi, ko a intanet, kada ka biya sai an amsa maka waɗannan a rubuce, ko da ta WhatsApp ne.

Ƙarfe nawa za mu shiga cikin kufai, kuma awa nawa za mu yi a ciki? Lokacin ɗauka daga otal ba shi ne tambaya ba. Idan aka fara kewaye-kewaye, ka san amsar.

A wane jeri za a tsaya, kuma akwai shago a ciki?

Kuɗin shiga yana cikin farashin? Wannan ita ce babbar damfara mai kama da gaskiya. A Chichen Itza baƙo kuɗi biyu yake biya, na hukumar tarihi ta tarayya wato INAH, da na gwamnatin jihar Yucatan, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. A 2024 su biyun sun haura peso 600, kuma kusan kowace shekara ana ƙarawa. Tallar da ka gani mai arahar ban mamaki yawanci ta cire na jihar, sai kun hau hanya mai rakiya ya bi kujera-kujera yana karɓa. A Tulum ma tun da aka buɗe gandun Parque del Jaguar a 2024 kuɗin shiga ya zama kashi-kashi, ya kuma ƙaru sosai.

Mu nawa ne a motar, kuma da wane harshe za a yi bayani? In aka ce harshe biyu, ma'anarsa ɗan jagora zai faɗi magana da Sifaniyanci, ya sake ta da Ingilishi, rabin lokacinka ya tafi kana jira. 'Yan Nijar da Kamaru da Cadi su sani ana samun masu Faransanci, amma sai an nema tun da wuri.

Idan na fasa, ko aka yi ruwa mai ƙarfi, za a mayar mini da kuɗina? Zuwa yaushe?

Ka karɓi rasit mai sunan kamfani da lambar waya da wurin ɗauka. Hukumar kare masu saye ta Meksiko, PROFECO, tana sauraren ƙorafin baƙi, amma ba ta da abin yi wa wanda ya zo hannu rabbana.

6. Kuɗin hannu

Alamar peso da ta dalar Amurka iri ɗaya ce, $. Ka ga an rubuta $100, ka tambaya na wace ƙasa. A 'yan shekarun nan dalar Amurka ɗaya tana yawo tsakanin peso 17 da 20, ka ga bambancin ba na wasa ba ne.

Ka ciri peso a na'urar banki ta gaske, ba waɗanda ke tsaye a bakin titi ba. In na'urar ta tambaye ka ko ta canja maka kuɗin da farashinta, ka ƙi, bankinka ya fi ta sauƙi. Ka nemi ƙananan takardu na 20, 50 da 100 don banɗaki, akwatin ajiya, ruwa da tukuici. A wuraren tarihi na'urar kati takan ƙi aiki. Tasi kuma a Kankun ba ta da mita, a gama ciniki kafin ka shiga.

7. Rana da lokaci

Ka guji Lahadi. Ranar 'yan ƙasa da mazauna ke shiga yawancin wuraren tarihi kyauta, ana cika maƙil. Haka makon Ista da hutun ƙarshen shekara. Wajen 20 da 21 ga Maris, da kuma 22 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwa takan sauko gefen matakalar babban ginin Chichen Itza kamar maciji. Abin kallo ne, amma dubban mutane ke zuwa, ba ranar sauraren bayani ba ce.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu yanayi ya fi daɗi. Mayu zafi ne sosai. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, kuma daga bazara zuwa damina ciyawar teku mai wari takan tare bakin ruwa, har a Tulum.

Sai maganar agogo, wadda ke rikita kowa. Jihar Yucatan tana bayan Quintana Roo da awa ɗaya duk shekara. Ana buɗe Chichen Itza ƙarfe 8 na safe agogon can, wato ƙarfe 9 agogon Kankun. Wanda ya tashi 6:30 daga Kankun zai iske ana buɗe ƙofa. A dawowa kuma awar nan za ta kuɓuce maka, ka tuna da ita in kana da jirgi ko alkawari da dare. Wayarka za ta sauya lokaci da kanta a hanya, saboda haka in ɗan jagora ya ce a haɗu ƙarfe ɗaya, ka tambaye shi da wane agogo. Tulum da Coba agogonsu ɗaya da Kankun. Valladolid da Ek Balam na Yucatan suke bi. Ana daina shigar da mutane Chichen Itza ƙarfe 4 na yamma, a rufe ƙarfe 5.

8. Abin da za ka zuba a jaka

Kada ka ce ai kai ɗan ƙasar zafi ne. Zafin can mai gumi ne irin na Legas, a fili marar inuwa, farin dutse yana dawo maka da hasken a ido. Ka ɗauki ruwa mai yawa, malafa ko lema, tabarau, takalmi mai rufi da ya saba da ƙafarka, da maganin sauro musamman in Coba za ka. Kaya marasa nauyi masu dogon hannu sun fi kare jiki. Ka ƙara tawul, kayan canji, ƙaramar darduma, da hoton fasfonka.

Ruwan famfo ba a sha. A Tulum kuma an hana shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai gorar da ake sake cikawa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne a duk wuraren, sandar kafa kyamara mai ƙafa uku ma sai da izini.

9. Ɗaukar ɗan jagora a ƙofa

Wannan na wanda ya kai kansa ne. Tun daga garin Piste, kafin ka kai Chichen Itza, za ka ga mutane da rigar aiki suna tare motoci suna cewa fili ya cika, ko nan ake yankar tikiti. Ka wuce har ƙofar gaske.

Ɗan jagora na halal yana rataye da katin ma'aikatar yawon buɗe ido ta tarayya, SECTUR, mai hotonsa da harsunan da aka yarda ya yi aiki da su. Ka duba katin, ba rashin kunya ba ne. Ka ja shi da hira na minti biyu ka ji ko kana gane Ingilishinsa. Sannan ku daidaita abu uku: nawa, na tsawon wane lokaci, kuma har ina zai kai ku. Kuɗin na rukuni ne, ba na kai ba, yakan fara daga wajen peso 1,000 ya yi sama. In ku biyu ne kawai, ku nemi wasu baƙi a layi ku haɗa. Ka ce masa kana son a kai har ɓangaren kudu, domin gajeren zagaye yakan tsaya a babban fili.

Da yawansu 'yan ƙauyukan kewaye ne, kuma harshen Maya suke yi a gida. Sama da mutum dubu 700 ke magana da shi har yau. Kada ka tambaye shi ina mutanen Maya suka ɓace, ga ɗayansu nan tsaye gabanka.

10. Jerin zagaye a cikin Chichen Itza

Da sanyin safe ake kama fara. Kana shiga, hanya za ta kai ka gaban El Castillo, ginin dalar Kukulcan, mai tsayin mita 30 in an haɗa da ɗakin da ke samansa. Ka ɗauki hotonka yanzu-yanzu, bayan awa ɗaya ba za ka samu fili ba. Matakala 91 ce a kowane ɓangare huɗu, in ka ƙara dandamalin sama ka samu 365. Ka tsaya daidai gaban matakalar arewa, mai kawunan macizai a ƙasa, ka tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya. Amon da zai dawo maka siriri ne mai kama da kukan tsuntsu.

Gargaɗi: an hana hawa. Kada ka tsallake igiya ko don hoto. Waɗanda suka gwada a shekarun nan an fitar da su cikin ihun jama'a, ga tara.

Daga nan sai filin wasan ƙwallo, mai tsawon mita 168, mafi girma a duk yankin. Ka ɗaga kai ka ga zoben dutse a can saman bango, sannan ka sunkuya ka duba zanen da ke ƙasa, inda aka sassaƙa ɗan wasa an sare masa kai. Nan ne ɗan jagora na kirki yake nuna kansa: zai rabe maka abin da masana suka tabbatar da abin da hasashe ne. Kusa da shi akwai dandamalin da aka jera zanen ƙoƙunan kai.

Sai ka bi tsohuwar farar hanya ta arewa, kimanin mita 300, zuwa rijiya mai tsarki inda suke jefa hadaya. Ba a wanka a cikinta. Ka dawo ta Haikalin Mayaƙa da jerin ginshiƙansa, ka gangara kudu wajen El Caracol, gini mai zagaye da ake dangantawa da duban taurari, da Las Monjas mai adon sassaƙa. Yawancin 'yan babbar bas ba sa kaiwa nan, kuma nan ne akwai inuwa. Awa uku sun isa a yi wannan ba gudu.

11. Abinci da salla

Abincin Yucatan da alade yake tafiya. Cochinita pibil da poc chuc, waɗanda za a fi yaba maka a teburin ɗibi-da-kanka, duka naman alade ne. Abin da ba a gani shi ne kitsensa, manteca, wanda ake sawa a dafaffen wake da tamales, wato ƙullin masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye, wani lokaci har shinkafa. Ka rubuta a wayarka ka nuna wa mai abinci: «sin cerdo, sin manteca, sin alcohol», wato ban da alade, ban da kitsensa, ban da giya. Kifi gasasshe irin tikin xic, ƙwai, 'ya'yan itace, da wainar masararsu ta tortilla sun fi kwanciyar hankali. Ka gaya wa kamfani tun ranar biya, kuma ka riƙe dabino ko biskit a jaka.

Yawancin tafiye-tafiyen suna da zangon ɗanɗana giyar tequila, wasu kuma suna da wani bokan gargajiya da zai turara ku da hayaƙin ƙaro yana addu'o'insa. Ba dole ba ne. Ka sanar da mai rakiya tun a mota, in an zo wurin ka koma gefe cikin mutunci, babu mai tsangwamarka.

Asuba ka yi ta kafin a ɗauke ka. Sauran kuma matafiyi yana da sauƙin kasaru. Wurin cin abinci ya fi dacewa, akwai ruwa, akwai inuwa. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Kada ka shimfiɗa darduma a jikin gine-ginen tarihi, masu gadi za su tashe ka.

12. Rijiyar kogo

Ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce, ruwa ta ƙarƙashi yake gudu, inda rufin ya rufta sai a samu rijiyar da suke kira cenote. Ik Kil, kusa da Chichen Itza, ita ce aka fi kai mutane, don haka ta fi cika. Ruwan mai sanyi ne, mai zurfi ƙwarai, ba wurin da ƙafa ke taɓa ƙasa. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar hana nutsewa, a wurare da yawa ma tilas ce, kuma hayarta da ta akwatin ajiya sau da yawa ba sa cikin kuɗin tafiya. Ana watsa ruwa a jiki kafin a shiga, ba a shafa mai ko turare. Matakalar tana da santsi, ka riƙe igiya, ka riƙe hannun yaro. Maza da mata a haɗe ake shiga, da kayan wanka irin nasu. Wanda wannan bai yi masa ba ya leƙa daga sama ya nemi inuwa, ko in shata ya yi, ya ce a kai shi ƙaramar rijiya da ba kowa.

13. Tsaraba da sallama

Hanyoyin cikin Chichen Itza cike suke da 'yan tebur, suna busa wani abu mai gurnanin damisa, suna kiran «dala ɗaya». Dala ɗayar ta ɗan ƙaramin abin da ke gefe ce, ba ta fuskar katakon da ya ɗaga maka ba. Ana ciniki, ka taya ƙasa sosai, in bai sallama ba tebur na gaba yana da irinsa. Farashinsu ya fi na shagon hanya sauƙi. Wanda ka ga yana sassaƙa da hannunsa a wurin, ko matar da ke ɗinkin rigar huipil mai furanni, su suka fi cancantar kuɗinka. Ka bar saye sai za ka fita, kada ka yi ta yawo da kaya cikin rana.

Gargaɗi: kada ka ɗauki ko tsakuwa ko fasasshen kasko daga ƙasa, kada kuma ka sayi abin da aka ce maka tsohon kayan tarihi ne na gaske. Dokar tarayya ta 1972 ta mayar da irin waɗannan kaya dukiyar ƙasa, fita da su laifi ne na ɗauri.

Tukuici al'ada ce a can. A gidan abinci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ake bari. Ɗan jagora da direba kowa ka ba shi nasa a hannunsa, da peso, domin kwabban dalar Amurka ba sa canjuwa a Meksiko, tsohuwar takarda mai yagewa ma ba a karɓa. Kafin ka sauka ka duba aljihun kujera da ƙarƙashinta, waya da fasfo nan suke zama. Lambar gaggawa a duk ƙasar 911 ce, mai tuƙa kansa kuma in mota ta lalace masa a babbar hanya ya kira 078, masu taimakon hanya na Angeles Verdes za su zo.